Gidajen Ma'aikata a Kebbi: A Fara Lissafi Daga Takardar Albashi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan kuɗin da gwamnatin jiha ke warewa don samar wa ma'aikata muhalli. Mu masu wannan wasiƙa gini da lissafin gini ne sana'armu, kuma abin da muke son Mai Girma Gwamna da 'yan majalisar dokokin Jihar Kebbi su duba shi ne yadda ake fara tsarin tun daga tushe. An saba a zana gida tukuna, a ba da kwangila, a gama, a yi masa fenti, sannan a waiwayo a tambayi ma'aikaci ko zai iya biya. Mu a ganinmu daga takardar albashi ya kamata a fara, a ga abin da aljihun mutum zai ɗauka, sannan a zana gidan da ya yi daidai da shi.

Ga lissafin. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, Kebbi kuma ta amince da 75,000. Ƙa'idar da masu ba da rancen gida ke bi ita ce abin da za a cire wa mutum duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu. Ke nan mai albashin 75,000 iyakarsa 25,000 a wata, mai 100,000 kuma kimanin 33,000. A rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda kuɗin ruwansa 6 cikin 100 ne a shekara, kowace naira miliyan ɗaya ana biyan kusan 6,000 a wata idan wa'adin shekara 30 ne. Don haka mai 75,000 zai iya ɗaukar miliyan 4 da 'yan kai, mai 100,000 kuma miliyan 5 da rabi. Wannan ma sai matashin da ya fara aiki jiya. Galibi ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 yana aiki, saboda haka wanda ya rage masa shekara 10 biyansa kan kowace miliyan ya haura 11,000, kuma ko albashinsa 100,000 ne bai wuce rancen miliyan 3 ba. Idan kuwa aka tura shi bankin kasuwanci, a ce kuɗin ruwa 25 cikin 100 na shekara 10, ko miliyan ɗaya da rabi ba zai kai ba.

To, duk gidan da aka gina a kan miliyan 20 ko 25 aka kira shi gidan ma'aikata, malamin firamare da ma'aikaciyar jinya da masinja ba su cikin lissafinsa tun ran da aka zana shi. Ƙarshensa mai hali ya saya ya zuba 'yan haya, kuma sau da yawa ɗan hayar shi ne ma'aikacin da aka ce an yi ginin dominsa.

A ɗauka gwamnati ta ware naira biliyan ɗaya. A kan miliyan 25 kowane gida, gidaje 40 ke nan. Idan aka raba kuɗin a kan miliyan 5 kowane mutum, iyali 200 za su amfana. Waɗannan 200 ɗin kuma idan kowa yana biyan 25,000, duk wata miliyan 5 ce ke dawowa, wato kuɗin mutum na 201. Sharaɗin kawai shi ne kuɗin da ke dawowa su shiga asusu na musamman wanda doka ta kafa, kada su koma babbar lalitar gwamnati inda za a haɗa su da sauran hidimomi. Dole kuma a riƙa ƙara wa asusun wani kaso a kowane kasafi, domin tsadar kaya tana cin darajar kuɗin da ake biya a hankali. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Asusun da aka zuba wa kuɗi sau ɗaya aka juya masa baya, cikin 'yan shekaru zai zama suna kawai.

Mai karatu zai ce miliyan 5 ba ta gina gida a yau. Gaskiya ne, idan mutum shi zai sayi fili, ya biya dillali la'ada, ya nemi takarda, ya ja wuta, ya haƙa rijiya. A nan ne gwamnatin jiha take da abin da babu wanda ke da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka ta C of O, kuma sai da amincewarsa ake jinginar da ita. Tallafi mafi girma da jiha za ta ba ma'aikaci shi ne fili mai takarda, wanda aka yi wa hanya da magudanar ruwa da ruwan sha da wuta, a kan kuɗi kaɗan ko kyauta. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 450 ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, idan aka cire kusan kashi ɗaya cikin uku don tituna da masallaci da makaranta da wurin kasuwa, za a samu fuloti 14. Hekta 15 ta ishi iyali 200. A biya manoman da aka karɓi gonakinsu diyya kafin safiyo ya kafa dutse ko ɗaya, domin rigimar diyya ta tsayar da ayyuka da yawa shekara da shekaru, kuma hakki ne.

Takardar mallakar nan kada a raina ta. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, wanda ke riƙe da asusun NHF tun dokar 1992, ba ya ba da rancen gida sai da takarda mai inganci da za a jinginar. Ma'aikaci yana iya shekara 20 ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 na tushen albashinsa, ya ga layin NHF ɗin nan duk wata a takardar albashi, amma ya yi ritaya bai ci moriyar rancen ba, don filinsa takardar mai unguwa kawai gare shi. Idan jiha ta fitar da C of O na rukuni gaba ɗaya, ta rage kuɗin rajista da na amincewar gwamna ga waɗannan gidaje, ta buɗe wa ma'aikatanta ƙofar kuɗin da nasu ne tun asali. Akwai kuma matsalar da ta addabi ma'aikata a wurare da dama a ƙasar nan: a cire kuɗin daga albashi, a ƙi tura su asusun, ko a tura su dunƙule ba tare da jerin sunaye ba. Ranar da mutum ya je neman rance sai a ce ba a ga komai a lambarsa ba. Muna roƙon a riƙa buga rahoton abin da aka cire da abin da aka tura duk wata uku, kowane ma'aikaci kuma a ba shi lambarsa ya riƙa dubawa da kansa.

Wurin da za a zaɓa ma magana ce. Filin da ya yi nisa da gari yana da araha a takarda, amma ma'aikacin da zai biya kabu-kabu zuwa sakatariya da dawowa, ya biya wa yara zuwa makaranta, abin da ya tsira daga haya ya tafi a hanya. Birnin Kebbi tana faɗaɗa ta hanyar Kalgo da ta Jega da ta Ambursa, sai a nemi wuri a bakin titin da motocin haya ke bi. Kada kuma a tara komai a babban birni. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 21, malaman Zuru da Yawuri da Argungu da Kamba su ma haya suke biya. Rukuni mai gidaje 30 zuwa 50 a hedikwatar ƙaramar hukuma ya fi amfani fiye da gidaje 1,000 a daji guda. Sannan a guji fadama da hanyar ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A tambayi dattawan wurin inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, a kuma haƙa ramukan gwaji masu zurfin mita ɗaya da rabi a sassa daban-daban na filin kafin a zana harsashi. Baƙar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ita ce ke tsaga bango daga kusurwar taga zuwa ƙasa tun gida bai shekara biyu ba. Inda aka same ta sai an zurfafa harsashi an sa rodi, ko a bar wurin.

Yanzu gidan kansa. Shawararmu a gina abin da iyali za su iya shiga yau, su ƙara gobe: ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12, banɗaki, madafi a tsakar gida, da katanga, a kuma bar fili da zanen inda za a ƙara falo da ɗaki na uku da zaure. Haka mutanenmu suke gini tun kaka da kakanni, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon buɗi. Abin da zanen da ake kwasowa daga wasu wurare ke mantawa shi ne katanga. Gidan da ba shi da sutura matan gida ba za su sake a cikinsa ba, mai gida kuma zai ƙare da zagaye shi da tsohon kwano ko zana. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: katanga ta fi ɗakunan cin bulo. Bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki biyun nan, har da jeri uku na harsashi, ba za su wuce bulo 900 ba. Kewayen fuloti kuwa mita 90 ne, a tsayin mita 2 bulo 1,800 ke nan. Idan aka jera gidajen maƙwabta suka yi tarayya a katangar gefe da ta baya, rabon kowane gida ya sauko zuwa kimanin 1,050. Bulo 750 aka tsira da su a gida ɗaya, a gidaje 200 kuwa 150,000. Wannan ragi a teburin zane ake samunsa, tun ran gini tun ran zane.

Bulo shi ne inda aka fi cutar talaka. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 25 zuwa 30 ba. Masu neman riba suna kai shi 40 har 45, su shanya shi a rana ba ban-ruwa, washegari su loda a mota. Irin wannan bulo idan ka murza gefensa da babban yatsa yashi ne ke zubowa, idan ka sake shi daga tsayin ƙirji ya tarwatse. Bulo na bukatar a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a zafinmu na Maris da Afrilu ma har a rufe shi da buhu ko tabarma. Kankare na linta da ginshiƙi awonsa 1:2:4 ne, wato buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Yashin ya zama mai tsabta, wanda idan ka damƙe shi a jiƙe ka buɗe hannu ba ya barin laka a tafinka. A ƙasan daɓe a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi hawowa, in ba haka ba bayan damina biyu za a ga fulasta na ɓarewa daga ƙasa har tsayin gwiwa. Kafin daɓen kuma a fesa maganin gara a ƙasa, katakon rufi ma a shafe shi.

Rufi kuwa, kowa ya san iskar farkon damina. Kwano ba ya tashi don ƙusa ta yi kaɗan kawai, yana tashi ne da katakonsa gaba ɗaya, don ba a ɗaure katakon da ke kan bango da ginin ba. A zuba ɗamarar kankare a saman bango zagaye, a bar rodi ko waya mai kauri a cikinta duk tazarar mita ɗaya, a naɗe katakon da ita.  A rubuta kaurin kwano ƙarara a takardar kwangila, a kuma auna shi ranar da aka sauke, domin akwai mai laushi kamar takarda wanda ƙanƙara ke hudawa. A ɗaga silin ya kai mita 3, a sa tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, a fitar da bakin rufi kamar rabin mita ya yi wa bango inuwa. Garinmu na kaiwa digiri 40 da ɗoriya da bazara, ma'aikacin da ke biyan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ba shi da kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. Salga da sokawe kuma a nisanta su da rijiya ko burtsatse da kamar mita 30, shi ya sa burtsatse ɗaya mai sola da babban tanki da famfuna ga rukuni duka ya fi kowane gida ya haƙa tasa kusa da masan maƙwabcinsa.

Muna da jar ƙasa a jihar nan, kuma Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, ta daɗe da fitar da injin matse tubalin ƙasa da ake gauraya wa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ya fi bulo sanyi, ya fi shi rage siminti. Amma ba kowace ƙasa ke yi ba, sai an gwada, kuma bangonsa na son harsashi mai tsayi da rufi mai faɗin baki don kada ruwa ya riƙa dukansa. A fara da gidaje 10 na gwaji, a sa sashen gine-gine na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ya bibiye su damina biyu, mutane su gani da idonsu. Sauran simintin da ake bukata, masana'antar Kalambaina tana nan Sakkwato maƙwabciyarmu, gwamnati na iya saye da yawa kai tsaye. Sai dai a riƙa ɗauka kashi-kashi, domin siminti ba ya son ajiya fiye da wata uku, kuma a kan katako ake jera shi nesa da bango.

Maganar kwangila a taƙaice. A raba aikin gida 10 zuwa 20 ga magina na gida masu rajista maimakon a damƙa wa mutum ɗaya wanda zai sayar wa na biyu, na biyu ya sayar wa na uku, kowa ya yanki rabonsa, abin da ya isa hannun birkila bai kai ya sayi siminti ba. Kuɗin kafin alƙalami a ba da shi da lamunin banki. Sauran biya mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, kammalawa, kowane mataki sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a ƙasa, ya duba ya sa hannu da sunansa. A riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har gidan ya ga damina guda. Gwamnati ita ma ta biya a kan lokaci, domin jinkirin wata shida shi ke haifar da neman ƙarin kuɗin kwangila, daga nan sai kango.

Akwai abin da ke hana mutanenmu da yawa kusantar rancen gida ko da sun cancanta, shi ne kuɗin ruwa. Wannan damuwa ce ta addini, kuma tana da mafita da malamai suka sani. Jiha na iya gina gidan ta sayar a kan farashi sananne da riba sananniya, a biya a hankali, wato murabaha. Ko ta ba da shi haya wadda ke ƙarewa da mallaka, wato ijara. Naira 25,000 a wata har shekara 20 miliyan 6 ce cif. Wajen samo jarin ma akwai sukuk, wato hanyar tara jari ta Musulunci marar kuɗin ruwa, wanda Jihar Osun ta yi amfani da shi a 2013 ta gina makarantu, Gwamnatin Tarayya kuma take gina tituna da shi tun 2017. A haɗa kowane gida da takaful, wato inshorar Musulunci, domin idan mai gida ya rasu kafin ya gama biya, a biya ragowar, kada a wayi gari ana fitar da marayu da uwarsu daga gidan da mahaifinsu ya yi shekara 12 yana biya.

Rabo shi ne wurin da amana ke karyewa. A ware kaso mafi yawa ga masu matakin albashi na 1 zuwa na 10, a ware wa mata ma'aikata rabonsu da sunansu, a haɗa kowane suna da lambar NIN don kada mutum ɗaya ya karɓi uku da sunan 'ya'yansa. Idan masu nema sun fi gidajen yawa, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a gaban wakilan ƙungiyar ƙwadago da ta malamai, a liƙa jerin a sakatariya, a karanta a rediyo. A hana sayarwa ko ba da haya har shekara 5. Mai Girma Gwamna Nasir Idris ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya san abin da mai gidan haya ke faɗa wa malami idan shekara ta zagayo, don haka muna sa ran wannan sashe ba zai yi masa wuyar fahimta ba.

Ma'aikaci kuma ba mai albashin gwamnati ne kaɗai ba. Tela, makaniki, direba, masunci a Yawuri, manomin shinkafa a Suru ko Argungu, duk da guminsu suke ci. Ba su da takardar albashi, amma suna da ƙungiyoyi kuma sun san adashi. A bar su su shigo ta ƙungiyar gama-kai mai rajista wadda za ta tsaya wa mambobinta, bayan sun yi ajiya a kai a kai na shekara ɗaya don a ga ƙarfinsu. Manomi kuma a tsara masa biya sau biyu a shekara, bayan girbin damina da na rani, domin a lokacin ne kuɗi ke hannunsa.

Roƙonmu ga majalisar dokoki, idan kasafi ya zo gabansu su nemi a rubuta musu adadin gidaje ko fuloti, farashin kowane ɗaya, abin da za a cire duk wata, da matakin albashin da aka nufa, kafin su amince da ko kwabo a wannan layi.

Wassalam.

Daga wasu magina da masu lissafin gini,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.